Mu da Ƙwari: Takalmi, Fiya-fiya ko Kasko

Mu mutanen unguwar nan hukuncinmu a kan ƙwaro bai wuce uku ba. In shi kaɗai ne, takalmi. In sun yi yawa, fiya-fiya. In kuwa akwai maiƙo a cikinsa, kasko. Kyankyaso ya gilma a tsakar gida, kafin ya kai bakin rariya silifa ta same shi. Kuɗin cizo ya kama katifa, a fitar da ita rana a bi ɗinkin da kalanzir, a kuma ɗora laifin a kan baƙon da ya kwana makon jiya. Shinge ya fito daren ruwan farko, yara su kewaye fitila da kwanonin ruwa, kashegari tsakar gida duk fukafukai, bakin kowa yana ƙyalli. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya me ya fito da shi yau bai fito jiya ba.

Ba kuma jahilci ba ne. Sunaye kam muna da su har da na kyauta: tururuwa daban, kiyashi daban, cinnaka daban, kwarkwasa daban. Mun san gara, mun san zago, mun san rina da zanzaro, kuma yaron da bai gama firamare ba ya san farar tumfafiya ba a cinta. Abin da ba mu da shi shi ne haƙurin zama a kalli ƙwaro yana harkarsa, ba tare da hannu ya kai ga takalmi ba.

Shi ya sa da labari ya iso majalisa cewa yaron nan na gidan Malam, wanda aka yi ta alfahari ya tafi jami'a a Zariya, ashe ilimin ƙwari yake karanta a Samaru, har ya shiga digiri na biyu, sai da shayi ya sarƙe wasu.

"Ƙwari fa ka ce? Ƙwarin nan dai da muka sani?" in ji Alhaji mai wake.

"Su dai, Alhaji."

"Ikon Allah! 'Ya'yan wasu na can suna karatun likita, namu yana bin buzuzu. To in ya gama, a wace kasuwa zai kama rumfa?"

Mai shayi ya ce in haka ne shi ma a ba shi takarda, don ya fi shekara goma yana fama da ƙuda a kan teburinsa da tsumma ɗaya.

Dariyar ta yi daɗi. Sai dai in aka bi diddigi, mu da ke dariyar muna cin arzikin masu bin buzuzun nan safe da yamma.

A fara da fara, tunda ita muka fi ƙauna. Da sanyin hunturu masu kamu ke fita da tocila cikin dare ko da asuba, lokacin da sanyi ya daskarar da ita ba ta iya tashi, su cika buhu. A tafasa, a shanya, a cire fiffike, a soya, a barbaɗa yaji, a matsa lemun tsami. Daga Maraɗi zuwa Kano zuwa Maiduguri sana'a ce da ake aurar da 'ya da ita. 'Yan mata su saya a fili, magidanta su aiki yaro su ce "ta yara ce". Addini ya halatta, baki ya amince. Sai a 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da wani katafaren rahoto cewa mutum wajen biliyan 2 a duniya na cin ƙwari, iri fiye da 1,900. A 2021 kuma Tarayyar Turai ta zauna ta ba da izinin sayar da fara a matsayin abinci. Mun ji a rediyo, muka ce sannunsu da zuwa.

To amma akwai farar da ita ke cinmu. Farar ɗango in ta taso daga hamada, tsofaffi sukan ɗaura lissafin shekaru a kanta. A 2004 ta sauka a Muritaniya da Mali da Senegal da Nijar, ta haɗu da ƙarancin ruwan sama, kuma kowa ya san halin da mutanen Maraɗi da Tawa da Damagaram suka shiga a 2005. Hukumar nan ta abinci ta ƙiyasta cewa rundunar da ta rufe murabba'in kilomita ɗaya tana da fara wajen miliyan 40, kuma a yini guda tana cinye abin da zai ciyar da mutum 35,000. Mu namu maganin a gona shi ne buga gwangwani, tayar da hayaƙi, da addu'a. Da buhu a gefe, ko da za a samu rabo.

Da can masana ma sun ɗauka iri biyu ne: wata mai zaman kaɗaici wadda ba ta damun kowa, da wata mai launi dabam da ke tafiya cikin runduna. Wani mutumin Rasha da ya koma aiki a Landan, Boris Uvarov, shi ya fara nunawa a 1921, a kan wata 'yar'uwarta, cewa halitta ɗaya ce, cunkoso ne ke sauya mata hali da kama. Bayan shekara 80 wasu masana a Jami'ar Oxford ta Ingila suka so su san ta ina cunkoson ke shiga jikinta. Sai suka samo ɗan burushin fenti, suka zauna suna shafar fara gaɓa-gaɓa: kai, baki, fiffike, ciki, ƙafa. Suka gano sirrin yana cinyar baya. In aka yi ta taɓa ta a nan, cikin 'yan sa'o'i farar da ke gudun 'yan'uwanta sai ta koma nemansu.

Da wannan ya shiga kunnen Alhaji sai ya ajiye kofi. "Wato a biya mutum albashi, da fansho, yana yi wa fara cakulkuli?"

Haka ne, Alhaji. Amma sanin cewa cunkoso ne mafarin bala'in shi ya sauya yadda ake yaƙin gaba ɗaya. Farar ɗango ba a gona ake tarar ta ba. In ta iso gona an riga an makara. Yanzu da zarar ruwa ya sauka a Tamesna da Azbin, can arewacin Nijar, ma'aikata ke shiga hamada da mota suna bin inda ciyawa ta tsiro, suna ƙirga fara, suna aika rahoto Yamai, daga nan ya wuce ga hukumar nan ta abinci a Rum. Inda aka ga 'ya'yan sun fara curewa wuri ɗaya, tun ba su yi fiffike ba, nan ake fesawa. Har akwai maganin da aka yi da wata fumfuna wadda asalinta a jikin wata matacciyar fara aka samo ta a Nijar, ana kiransa Green Muscle; yana kashe fara a hankali, ya ƙyale tsuntsu da dabba da mutum. Sai dai ba ko'ina ake fesa shi ba, maganin guba ya fi yawa. Don haka wanda ya tarar da fara zube a ƙasa ba sanyi ba dalili, ya yi tambaya kafin ya ɗauko buhu. Ƙuda, wajen kwaɗayi akan mutu.

Sauro kuwa abokin kwananmu ne, kuma kullum muna wanke shi daga laifi. Zazzaɓi ya kama yaro da damina, sai a ce sabuwar masara ce, ko ɗanyar gyaɗa, ko ruwa ne ya doke shi. Tun 1897 wani likitan sojan Ingila, Ronald Ross, ya feɗe cikin sauro a Indiya ya ga ƙwayar cutar a ciki, amma har yau masara ba ta fita daga zargi ba. Gidan sauron da aka raba kyauta kuwa, zaga bayan gari ka gan shi: ya rufe irin barkono, ya zama kejin 'yan tsaki, ya zama ragar gola.

Ga kuma abin da da yawanmu ba su taɓa ji ba: ɗaya daga cikin manyan binciken da duniya ke ji da su a kan sauro da zazzaɓinsa, a ƙasar Hausa aka yi shi. A Garki ne, ta jihar Jigawa a yau, lokacin tana cikin jihar Kano. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka tare a ƙauyukan yankin. Da safe a shimfiɗa farin ƙyalle a ɗaki, a rufe ƙofa, a fesa magani, a tsince sauron da ya zubo ɗaya-ɗaya, a kai ɗakin bincike a feɗe. Da dare kuwa mutum ne zai zauna ya naɗe wando zuwa gwiwa, da tocila da ɗan bututu a hannu. Sauro na sauka a ƙaurinsa sai ya kama shi da rai. Baba mai gadi da ya ji haka ya ce wannan aikin shi ma kullum shi yake yi, bututun ne kawai ba a ba shi ba.

Masu binciken sun fesa ɗakuna, a wasu ƙauyukan sun haɗa da raba magani ga kowa. Zazzaɓi ya ragu ƙwarai, amma bai yanke ba, kuma da aka daina sai ya dawo. Cikin dalilan akwai cewa wani sauron in ya sha jini ba ya kwana a ɗaki, waje yake fita ya huta, don haka bangon da aka fesa bai shafe shi ba. Wani masanin Italiya, Mario Coluzzi, ya duƙufa a kan ƙwayoyin halittar sauron yankin, ya nuna cewa waɗanda ido ke gani iri ɗaya ne, a ciki sun bambanta, halinsu ma ya bambanta. A 2013 aka raɗa wa wani jinsin sauro sunansa. A wurinsu wannan girmamawa ce. A unguwarmu da sai an kai ƙara wurin mai unguwa. Irin waɗannan mutanen ne suka gaya mana cewa sauron kwata, mai kuka a kunne, yawanci ba shi ke kawo zazzaɓin ba. Mai kawowar ya fi son ruwan sama da ya kwanta a rana: sawun shanu, sawun mota, ramin da muka haƙa muka buga tubali muka bar shi. Kuma macen ce kaɗai ke cizo. Da aka faɗi wannan a majalisa bakuna da yawa sun buɗe, sai kowa ya tuna akwai yara masu kai labari gida.

Manoman gero a ƙasar Maraɗi su kuma an kai su inda mu ba mu kai ba: an sa sun yi kiwon ƙwaro da hannunsu. Akwai tsutsar da ke shiga zangarniyar gero tana cin ta a murɗe, ka ga kan gero ya yi zane ya zube. Masana a cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, reshen Maraɗi, cikinsu har da Ibrahim Baoua, tare da takwarorinsu na Burkina Faso da Mali, suka yi aiki da wata 'yar mitsitsiyar ƙwaruwa dangin zanzaro. Ita wannan sai ta harbi tsutsar ta shanye mata jiki, ta saka ƙwai a kanta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Akan zuba ɗan gero a ƙaramin buhun algarara, a sa wasu tsutsotsi da matan ƙwaruwar, a rataya a kewayen ƙauye lokacin da gero ke fitar da kai. Su hayayyafa a ciki, su fice ta ramukan buhun, su bazu gonaki. Ba feshi, ba famfo a baya. Da a gidanmu ta shigo, tafi ɗaya za a yi mata.

Amma inda abin ya fi shafarmu, kuma inda muka fi yin abin kunya, shi ne wake.

Najeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na bi mata. Wanda ya shiga kasuwar Dawanau da kaka ya san ba ƙaramar dukiya ba ce. Kuma kowa ya san abokin gabar: ka ajiye buhu lafiya lau, bayan wata uku ka buɗe ka tarar da huji, da gari, da wani wari, da ƙananan ƙwari suna yawo a kai. Mu a wurinmu waken ne "ya yi ƙwari", sai ka ce shi ya haife su. Ɗebo hannu ɗaya ka duba a rana. Ɗigon farin nan da ke manne a bayan ƙwayar, wanda ba ya fita sai da farce, ƙwai ne. Tun a gona uwar ta fara sakawa. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa ba ta fitowa waje, kai tsaye take huda ƙwayar ta shige, ta ci, ta girma a ciki. Bayan mako uku zuwa huɗu ta yanke 'yar ƙofa zagayayya ta fito cikakken ƙwaro, ta sake saka ƙwai gommai. Hujin da muke gani ƙofar fita ce, ɓarnar an gama ta tuntuni.

Me muke yi? Iyayenmu mata suna cakuɗa shi da toka, ko yashi, ko barkono, ko su ɗura a jarka su toshe, kuma dabararsu ba ta banza ba ce. Mu 'yan zamani kuwa sai muka koma "bom", ƙwayar nan mai fitar da iskar guba, wadda ba a yi ta don ɗakin da mutane ke kwana ba, amma mu a ƙarƙashin gado muke ajiye buhun. Wasu kuma su tsiyaya maganin feshi kai tsaye a kan waken, su juya da hannu. In ka yi magana a ce ai za a wanke. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan irin gubar nan da ke cikin fiya-fiya da aka samu a jikinsa. Su sun ƙi, mu muka ci gaba da yin ƙosai da alale da shi. Alhaji ya ce shi wakensa ko ƙwaro ɗaya ba za ka gani ba. Malamin makarantar da ke gefensa ya ce, "Abin da ke ba ni tsoro ke nan, Alhaji. Waken da ƙwaro ya ƙi ci, ni a wane dalili?"

Maganin da ya fi duka ya fito ne daga masu zama su kalli ƙwaro, har ma su saurare shi. A Jami'ar Purdue ta Amurka, Larry Murdock da abokan aikinsa sun ƙera na'urar da ke jiyo ƙarar tsutsa tana tauna a cikin ƙwayar wake. Ka ji aiki! Mutum da furfurarsa ya kasa kunne yana sauraren tsutsa na cin abinci. Tun wajejen ƙarshen shekarun 1980 suke aiki da masana a Marwa ta arewacin Kamaru a kan ajiye wake cikin leda ninki uku, daga baya aikin ya haɗa da Maraɗi. Suka tabbatar da abin da mai jarka ta daɗe tana yi ba tare da ta san dalili ba: ƙwaron nan numfashi yake yi. In aka toshe iska, shi da kansa yake shaƙe wadda ta rage. Tana raguwa sai na'urar ta ji taunar ta tsaya. Kuma da yake ruwan jikinsa daga abincin da yake narkarwa da iskar yake samunsa, sai ya bushe ya mutu a ciki. Daga nan aka fito da buhun PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Daga 2007 aka bi ƙauyuka dubbai a Afirka ta Yamma da shi. A tara mutane a ɗaure buhu a gabansu, a ajiye, bayan watanni a sake tara su a kwance. Waken ya fito yadda aka zuba shi, ba a ɗiga masa komai ba.

A nan zan ɗan juya kan masanan su ma, don laifin ba namu ba ne mu kaɗai. Buhun nan ya karɓu ne saboda an je dandali an kwance shi a gaban jama'a, an yi bayani da harshen da suke ji. Sauran binciken fa? Yana can a mujallu da Turanci da Faransanci, a rufe a kabad. Cibiyar binciken noma ta Samaru tana nan tun 1922. A 2019 ma an fitar da wani irin wake daga can, SAMPEA 20-T, mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanso, kuma har yau ana muhawara a kansa saboda an taɓa ƙwayar halittarsa. A majalisarmu ba wanda ya taɓa zuwa ya yi mana bayanin ko wane ɓangare. Wanda ke zuwa kullum shi ne mai babur da lasifika da kwalabe marasa suna, yana rantsuwa maganinsa na kashe kyankyaso da kuɗin cizo da ɓera da kunama, kuma da Hausa garau yake faɗa. Takardar jikin maganin kanti kuwa an rubuta ta da Turanci ƙanana, ko mai tabarau sai ya matso. In masani ya bar wa mai lasifika fili, kada ya yi mamakin wanda muka bi.

Alhaji dai ya sayi buhun bana, don gwaji. An ce da zai ɗaure sai da ya nemi a jefa bom ɗaya a ciki, wai ko da buhun zai yi ƙarya. Yaransa ne suka hana.

To jama'a, kaka ta kusa. Wanda zai ajiye wake ya bari ya bushe sosai, ya sheƙe shi. Ya duba ledojin kada a samu huji ko ɗaya. Ya zuba, ya matse iskar, ya murɗe bakin ta ciki ya ɗaure ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Ya ɗora a kan katako, nesa da bango saboda ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiban na dafa-duka. Don Allah kada a saka masa komai a ciki.